Yawon da muka sha a Udaipur, garin fadoji da tafkuna

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san irin wurin nan da ake nunowa lokacin waƙa, farin gini a tsakiyar ruwa, duwatsu ta baya, kwalekwale na tafiya a hankali. To akwai wurin da gaske, sunan garin Udaipur, yana kudancin jihar Rajasthan. Ƙanina da ke karatu a Delhi ne ya matsa min, yace Yaya ba zai yiwu ka zo har ƙasar nan ka ƙare daga kasuwa sai ɗakin otal ba, ai sai ka ga abin da za ka ba yara labari. Muka hau jirgin ƙasa na dare, Mewar Express, daga tashar Nizamuddin, ya tashi da yamma, gari na wayewa muna Udaipur, tafiyar kusan awa 12.

Da asuba na leƙa ta tagar jirgi, ba abin da nake gani sai duwatsu da ƙayoyi da busasshiyar ciyawa. Yankin ruwan sama ba ya wuce 'yan watanni, daga wajen Yuli zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rana ce zalla, kogunan ma yawanci na damina ne. Shi yasa da adaidaita ta sauke mu muka bi wani lungu muka ɓulla bakin tafkin Pichola sai da na tsaya nace ikon Allah, wannan ruwa haka daga ina? Amsar ita ce ba wani tafki a garin nan da ya zo da kansa, duk tare su aka yi. Mutane ne suka datse rafuka da dutse da ƙasa suka tara ruwan damina, kuma ni dai a wurina wannan aikin ya fi duk wani gilas da madubi da na gani daga baya, duk da cewa ba shi ake ɗauka a hoto ba.

Pichola ya girmi garin. Labarin da suke bayarwa shi ne tun a ƙarni na 14 wani falken hatsi daga ƙabilar Banjara ya datse rafin. Sarakunan Mewar kuwa, wato masarautar wannan yankin, waɗanda ake wa laƙabi da Maharana, a lokacin suna can Chittorgarh, wata ƙatuwar ganuwa a kan dutse, gabas da nan. Matsalar Chittorgarh ita ce kowa ya san inda take kuma ana iya zagaye ta a zauna a jira, an ci ta da yaƙi ba sau ɗaya ba. Maharana Udai Singh na biyu ya ga alamar abin ba zai ɗore ba sai ya zo wannan kwarin da duwatsun Aravalli suka kewaye ya kafa sabon gari a 1559, ya ƙara wa madatsar Pichola tsayi. Bai yi kuskuren lissafi ba, don a 1568 sarki Akbar na daular Mughal ya ci Chittorgarh bayan ya yi watanni yana kewaye da ita. Daga nan Udaipur ta zama gidan sarauta. Tafkin yanzu tsawonsa ya kai kamar kilomita 4, faɗinsa kamar 3, amma ba shi da zurfi sosai.

Babbar fadar, wadda suke kira City Palace, tana kan tudu a gabashin tafkin, kuma ba sarki ɗaya ya gina ta ba, kusan shekara 400 aka yi kowane sarki ya zo sai ya ɗora nasa, wannan ya ƙara bene, wancan ya ƙara tsakar gida, har ta kai tsawon mita 240 da 'yan kai, tsayinta kuma ya haura mita 30. Abin mamaki in ka tsaya daga nesa ba za ka gane inda aikin wani ya tsaya na wani ya fara ba.

Ana shiga ta ƙofar Badi Pol, sai wata mai baki uku da ake kira Tripolia. Tsakanin ƙofofin nan biyu akwai wasu ginshiƙan marmara masu baka a sama, guda 8, mai yi mana jagora yace a nan ake ɗora sarki a ma'auni, a zuba zinari ko azurfa daidai nauyinsa a raba wa talakawa. Ƙanina ya kalle ni ya kalli tumbina yace Yaya da kai ne sarki da talakawa sun warke. Nace masa ya bari mu koma gida. Daga nan sai wani makeken fili, Manek Chowk, inda ake taruwa, akwai wata gajeriyar katanga da a da ake haɗa giwaye biyu faɗa a kanta, kowacce a ɓangarenta suna jan juna da hanci, wadda ta taɓa katangar ta faɗi.

Cikin fadar kuwa wallahi in kai dogo ne ka shirya sunkuyo. Hanyoyin matsattsu ne, ƙofofin gajeru, matattakala kuma wata doguwa wata gajera, mutum ɗaya ɗaya ake wucewa, ga jama'a dam, 'yan makaranta da iyalai da Turawa kowa da waya a sama. Da gangan aka yi hakan, wai in maƙiyi ya shigo ba zai iya gudu ba, ba zai iya zare takobi da kyau ba, kuma dole ya shigo da kai a sunkuye, mai gadi na jiransa a bayan ƙofa. Mutanen da aka taɓa kora daga gidansu ne suka gina wannan, kana tafiya kana jin haka a jikinka.

Wurin da na fi daɗewa shi ne Badi Mahal. Ka yi ta hawa har ka fara haki, kana zaton ka kai bene na huɗu ko fiye, kawai sai ka fito wani lambu da manyan bishiyoyi da tafkin wanka na marmara a tsakiya, iska na kaɗawa. Na tambaya ta yaya bishiya ta girma haka a saman bene, ashe ba bene ba ne, ƙoƙuwar dutsen ce da kanta, fadar ce aka gina ta kewaye dutsen har ta rufe shi, saiwoyin suna cikin ƙasa ta gaske. Nan na zauna na huta, su kuma 'yan makaranta suka yi layi wai sai sun ɗauki hoto da mu, wannan kam duk inda baƙar fata ya je a garin zai sha shi, ba da mugun nufi ba dai, amma yana gajiyarwa.

Sauran ɗakunan na ado ne, Sheesh Mahal na madubai, Moti Mahal, wani ɗaki da aka manne da tayil shuɗi da fari na Sin da na Holan, da Mor Chowk inda aka yi hoton ɗawisu guda 3 a bango da ƙananan gutsattsarin gilas masu launi har 5,000. Suna da kyau ba ƙarya, sai dai bayan ɗaki na biyar ido ya ƙoshi, na fara wucewa da sauri. Ko'ina kuma za ka ga tambarin rana mai fuskar mutum da gashin baki, don gidan sarautar, Sisodia, suna cewa su daga zuriyar rana suke. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗakin Maharana Bhupal Singh, wanda ƙafafunsa suka shanye tun yana saurayi, ga keken guragunsa nan an ajiye, har lifta aka saka masa a fadar. A zamaninsa ne bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947 masarautar ta narke cikin Rajasthan.

Akwai ɓangare guda na Maharana Pratap, ɗan Udai Singh, wanda shi ne gwarzon garin, filin jirginsu ma sunansa ne. Shi ne ya ƙi miƙa wuya ga Akbar, aka gwabza a Haldighati a 1576. Dokinsa Chetak ya fi wasu sarakunan suna, labarin shi ne ya ji mummunan rauni amma ya ɗauke ubangidansa daga fagen fama ya tsallake rafi da shi sannan ya faɗi ya mutu. Akwai mutum-mutumin doki a wurin an sanya masa hancin giwa na ƙarya a fuska, dabara ce wai don giwayen yaƙi su ɗauka ɗan giwa ne su ƙi kai masa hari. Mai jagoran namu ya so ya ba da labarin kamar yaƙin Hindu da Musulmi ne kawai, to amma abin bai miƙe haka ba. Wanda ya jagoranci rundunar Akbar a ranar shi ne Man Singh na masarautar Amber, Hindu ne ɗan Rajput, wato jinsin mayaƙa masu sarauta a yankin, kamar Pratap. A sahun gaba na rundunar Pratap kuma akwai Hakim Khan Sur, Musulmi ne ɗan asalin Afghan, kuma a wurin ya mutu. Da ƙanina ya faɗa masa haka sai ya yi dariya yace haka ne, ya wuce da mu ɗaki na gaba. Rigimar mulki ce da ƙasa, irin wadda aka saba.

Daga ƙasan fadar ake hawa kwalekwale mai inji, kowa da rigar ceto a wuya, kuma kuɗin yamma ya fi na safe tsada don kowa faɗuwar rana yake so. Daga kan ruwa ne za ka ga girman fadar da kyau, ta tashi daga bakin tafkin kamar bango, ga gidajen gari farare a jere, ga matattakalan da suke sauka cikin ruwa waɗanda suke kira ghat, mata na wanki suna bugun kaya da katako, yara na tsalle cikin ruwa, tsofaffi na wanka, duk a gindin otal-otal masu tsada.

Farin ginin nan na tsakiyar ruwa shi ne Jag Niwas, wanda aka fi sani da Lake Palace. Maharana Jagat Singh na biyu ya gina shi tsakanin 1743 da 1746 don hutun lokacin zafi, ya cinye tsibirin gaba ɗaya shi yasa yake kamar yana yawo a kan ruwa. Yanzu otal ne, tun 1971 kamfanin Taj ke tafiyar da shi, kuma in ba ka kama ɗaki ba ba ka da abin yi a can, kwalekwalenmu zagaya shi kawai ya yi muka ɗaga wa masu kuɗi hannu. Ni dai ban ji haushi ba, don wanda ke ciki mu yake kallo, mu kuwa shi muke kallo, kuma namu ya fi kyau. A wannan shekarar ta 1971 ne gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake ba tsofaffin sarakunan Indiya duk shekara da kuma matsayinsu a hukumance, to gidan da bai nemi hanyar ci da kansa ba sai ya lalace. Na Udaipur sun riga sun farga, Maharana Bhagwat Singh ya mayar da Jag Niwas otal tun farkon shekarun 1960, ya kafa gidauniya a 1969 da ta mayar da babban ɓangaren fadar gidan tarihi. Wato tikitin da muka saya shi ke gyara rufin. Wani zai ce zubar da girma ne sarki ya koma mai otal, ni kuwa na ga fadojin da aka bar wa jemagu, gara wannan.

Tsibirin da ake sauka shi ne Jag Mandir, giwayen dutse a jere a bakin ruwa suna tarbar baƙi. Nan akwai labari mai daɗi. Yarima Khurram ɗan sarki Jahangir shi ne ya jagoranci yaƙin da ya tilasta wa Mewar yin sulhu da Mughal a 1615. Bayan 'yan shekaru sai shi kansa ya yi wa ubansa tawaye, ya rasa wurin ɓuya, sai ga shi a Udaipur a 1623, Maharana Karan Singh ya karɓe shi ya ajiye shi a wannan tsibirin, a wani gini mai ƙubba da ake kira Gul Mahal. Wannan Khurram ɗin shi ne daga baya ya zama Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal. Mutanen garin za su rantse maka cewa daga nan ya kwaikwayi Taj Mahal, wannan kam kowa da irin tallan garinsu. A 1857 ma lokacin boren da aka yi wa Ingilishi, Maharana Swaroop Singh ya ɓoye matan Turawa da 'ya'yansu a nan. Yanzu kuwa wurin bikin auren attajirai ne, ranar da muka je ma ana ta kafa rumfuna da fitilu, shayi kofi ɗaya kuɗinsa ya ishe ka cin abincin rana a cikin gari.

Maganar abinci, wanda bai iya kwana biyu ba nama ya shirya, yawancin gidajen abinci na tsohon gari ganye ne da wake da madara. Abincinsu na gado dal baati churma, wani dunƙulen alkama ne da ake gasawa ya yi tauri, a farfasa shi a tsoma cikin man shanu a ci da miyar wake, ga kuma wani garin alkama mai zaƙi a gefe. Yana da nauyi, in ka ci da rana sai barci. Akwai Musulmi da yawa a garin, ciki har da 'yan Bohra masu farar hula mai zaren zinari, 'yan kasuwa ne sosai, don haka masallaci da naman halal ba sa wuyar samu in ka yi tambaya, mu wajen Chetak Circle muka yi sallah muka samu biryani. Lungunan tsohon garin kuwa sai suka tuna min da cikin kasuwar Kurmi, illa dai nan ga babura suna ta hon ga saniya kwance a tsakiyar hanya ba mai ce mata tashi.

Haikalin Jagdish yana nan dab da ƙofar fada, Jagat Singh na ɗaya ya gina shi a 1651, ana hawa matattakala masu tsayi kafin a kai. Ni daga waje na tsaya na kalli sassaƙar jikin bangon, giwaye da dawaki da makaɗa layi bisa layi, aikin hannu ne na gaske. Da daddare muka je Bagore ki Haveli a bakin Gangaur Ghat, gidan wani wazirin masarautar ne na ƙarni na 18, Amar Chand Badwa, ɗakuna 138, ana yin wasan gargajiya a tsakar gidan kullum da yamma. Wata dattijuwa ta yi rawa da tukwane a kanta ana ƙara mata ɗaya bayan ɗaya har suka fi ta tsayi, ta taka faranti ta taka fasassun kwalabe ko ɗaya bai faɗo ba. Mai gabatarwa yace asalin rawar daga matan karkara ne da ke tafiya mai nisa ɗibar ruwa. Ka ga dai ko rawar tasu ma maganar ruwa ce.

Washegari muka nufi arewacin gari wajen tafki na biyu, Fateh Sagar. Shi ma tarawa aka yi tun ƙarni na 17, ambaliya ta fasa madatsar, Maharana Fateh Singh ya sake gina ta a 1889 aka sa masa sunansa. A ƙasan madatsar akwai wani lambu, Saheliyon ki Bari, wanda Sangram Singh na biyu ya yi wa matarsa da kuyangi 48 da suka rako ta gidan miji. Lambun cike yake da maɓuɓɓugan ruwa masu feshi, wasu daga hancin giwayen marmara, wani wuri kuma an tsara shi yadda ƙarar ruwan za ta yi kamar ana ruwan sama. Ba inji aka yi shi da shi ba, tafkin ya fi lambun tudu, nauyin ruwan ne kawai ke turo shi ta bututu. Masu jagora suna da wata dabara, su ce ku tafa hannu ruwa zai ƙaru, kuna tafawa sai ya yi sama, ashe wani ne a gefe yake murɗa famfo. Ƙanina ya gano mutumin, ya je ya gaishe shi, mutumin ya sa yatsa a baki yana dariya.

Wurin da ya haɗa min komai shi ne Sajjangarh, wadda ake kira Monsoon Palace, a kan wani tsauni yamma da gari, mita 944 daga doron teku. Hanyar hawan duk kwana ce, direbobin kuma ba sa tsoron Allah. Ginin kansa kusan ba komai a ciki, bango ya dafe, birai na yawo suna fizgar abin da ke hannun mutane, in don ginin za ka je kar ka wahalar da kanka. Amma daga can sama za ka ga tsarin gaba ɗaya a shimfiɗe, Pichola ga shi, ƙananan Rang Sagar da Swaroop Sagar sun haɗa shi da Fateh Sagar, in ɗaya ya cika sai ya zuba wa na gaba, rarar ta bi kogin Ahar ta tafi Udai Sagar can gabas, wanda shi ma Udai Singh ne ya tare shi. Sarakuna daban daban, ɗaruruwan shekaru, kowa ya zo ya ƙara mahaɗi ɗaya. Kuma abin ba tabbas gare shi ba, direbanmu yace a farkon shekarun 2000 da aka jera damina marasa kyau Pichola ya ƙafe ƙaf, ana tafiya da ƙafa har ƙofar Lake Palace, shanu na kiwo yara na buga kurket a inda muka bi da kwalekwale. Yanzu ma in ka matsa bakin ruwan ta wasu unguwannin za ka ga ledoji da ciyawar ruwa da bututun ƙazanta, otal kuma sai ƙaruwa suke kowa na son tagarsa ta kalli tafki.

Wanda ya gina Sajjangarh, Maharana Sajjan Singh, niyyarsa ya yi dogon bene na kallon taurari da lura da tahowar gajimaren damina, amma ya rasu a 1884 yana da shekara 25, aikin ya tsaya a inda ya tsaya. Shi ne kuma a 1877 ya yi odar kayan ɗaki na kiristal daga kamfanin F. & C. Osler na Birmingham a Ingila, kujeru da tebura har da gado sukutum na gilas, kafin kayan su iso ya riga ya rasu, aka bar su cikin akwatunansu shekara 110 ba wanda ya buɗe. Yanzu suna nan a ɓangaren Fateh Prakash na babbar fada, sai dai tikitinsu daban ne kuma da tsada. Na so mu koma mu gani, ƙanina yace Yaya kuɗin nan fa ya kai na jirgin komawarmu, gado ne dai na gilas kuma ba kwanciya za su bar ka ka yi a kai ba. Muka sauko muka tafi neman biryani.